Tafiya zuwa tsibirai a jirgin sama: a fara lissafi daga ƙaramin jirgi

Ranar da takarda ta zo cewa ɗan yayata ya sami gurbin ƙaro karatu a wata jami'a da ke tsibirin Ambon, can gabashin Indunusiya, mutanen gidanmu sun ɗauka cewa abin da ya rage shi ne a kai buhunan riɗi kasuwar Gujungu ranar Lahadi, a haɗa da kuɗin sa guda da aka yi niyyar sayarwa, a je Kano a yanko tikiti. Da yake na taɓa zuwa tsibirin Pemba na ƙasar Tanzaniya wajen wani taron malaman gona, ni aka ɗora wa aikin tsara tafiyar. Abin da na fara gaya wa Yaya shi ne cewa ba tikiti ɗaya za mu saya ba, kuma wanda ya fi tsada ba shi ne zai fi wahalar da mu ba. Abin da na koya a tafiyata, da wanda na ƙara koya wajen shirya tasa, shi zan bayyana a nan domin amfanin ɗalibi, ko ɗan kasuwa, ko malamin da aka gayyata, wanda zai tashi daga ƙauye irin namu da ɗan abin da ke hannunsa.

Tafiya irin wannan zango-zango ce. Mutum zai hau acaɓa daga ƙofar gida zuwa bakin kwalta, ya shiga motar haya zuwa tashar Yankaba, ya tari adaidaita sahu zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ya hau babban jirgi zuwa Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha, ya sauya wani zuwa babban birnin ƙasar da ya nufa, sannan a ƙarshe ya shiga ƙaramin jirgin da zai tsallakar da shi teku. Kusan kowa daga babban jirgin yake fara lissafi, saboda shi ne mai cin kuɗi, sai ya bar ƙaramin a kan cewa idan an isa za a san yadda za a yi. Wannan kuskure ne, domin babban jirgi yana tashi sau da yawa a mako, kujerunsa sun haura ɗari, kuma akwai kamfanonin da ke gasa a kan hanyarsa, alhali ƙaramin yana iya zama shi kaɗai ne a tasa hanyar, kujerunsa ba su wuce 12 ba, kuma ba kullum yake tashi ba. Kamar motar kasuwa yake a ƙauyen da ba ya kan hanya: wanda ta tafi ta bari, sai wani makon. Saboda haka daga gare shi ake fara lissafi, a riƙa komowa baya zango bayan zango har a iso ƙofar gida.

Tambayar farko ma ita ce ko jirgin sama yana sauka a tsibirin da ake nufi, idan kuma yana sauka, ko ya cancanci kuɗinsa. Ƙasar Cape Verde, wadda take cikin ƙungiyar ECOWAS kamar Najeriya, tana da tsibirai 10, mutane suna zaune a 9 daga cikinsu, amma Santo Antão da Brava ba su da filin jirgin da ke aiki; mai zuwa Santo Antão a tsibirin São Vicente zai sauka, ya shiga jirgin ruwa na kimanin awa ɗaya daga garin Mindelo. A Tanzaniya, tsakanin birnin Darussalam da Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar, jirgin sama kimanin minti 20 yake yi, jirgin ruwa mai gudu kuma wajen awa biyu, yana tashi sau da dama a rana, yana ɗaukar kaya mai nauyi, kuma tasharsa a cikin gari take a can da nan. A irin wannan hanya ban ga dalilin da mai tattali zai hau jirgin sama ba. Amma daga Unguja zuwa Pemba lissafin ya sauya, domin jirgin sama rabin awa ne, jirgin ruwa kuwa awoyi ne masu yawa a kan mashigi mai igiyar ruwa, kuma ba kowace rana ake samunsa ba. A wannan mashigin ne wani jirgin ruwa da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse a watan Satumba na 2011, aka yi asarar rayuka masu yawa. Mu da ba mu san ruwan da ya wuce kogin Haɗeja ba, gara mu ƙara kuɗi a irin wannan zango, mu rage a wani.

Idan an tabbatar cewa ƙaramin jirgi ake bukata, sai a nemi sanin ranakun tashinsa, kuma a nan ne waya takan yaudari mai ita. Manyan shafukan kwatanta farashi irin su Google Flights da Skyscanner suna da amfani wajen babban jirgi, amma ƙananan kamfanoni da yawa ba sa bayyana a cikinsu sam. A Tanzaniya, kamfanoni irin su Coastal Aviation da Auric Air suna sayar da tikiti a shafukansu, kuma jirgin da suka fi amfani da shi shi ne Cessna Caravan, mai inji ɗaya da fasinja wajen 12. A Indunusiya, ƙasar da tsibiranta suka haura 17,000, abin hawa-hawa ne: akwai manyan jiragen Garuda da Lion Air da Citilink tsakanin birane, akwai masu farfela samfurin ATR 72 masu kujeru wajen 70, irin na Wings Air, zuwa matsakaitan garuruwa, sannan akwai ƙananan jiragen da gwamnati ke tallafa wa kuɗin tikitinsu domin su isa lunguna, waɗanda Susi Air na cikin masu gudanar da su. Waɗannan na ƙarshe su ne mafi araha, sai dai sau da yawa a ofishin kamfani na garin ko ta wayar wakilinsa ake samun kujerarsu, kuma jadawalinsu yana sauyawa. Hanya mafi aminci ita ce a sami mazaunin wurin, ko jami'in makarantar da ta ba da gurbi, ko mai masaukin da za a sauka, ko abokin cinikin da za a je wurinsa, a tambaye shi ta WhatsApp waɗanne ranaku jirgin yake tashi a wannan watan, kilo nawa yake yarda a ɗauka, kuma me mutanen gari suke yi idan aka soke shi. Amsar tambayar ƙarshe ta fi sauran daraja, domin ita za ta nuna ko akwai jirgin ruwa a madadinsa, ko kuwa sai zaman jira da biyan kuɗin ɗaki.

Kafin a biya ko sisi na tikiti, sai takardu sun kammala. Fasfo yana bukatar lambar NIN, kuma ya kasance da sauran wata shida ko fiye a ranar shiga ƙasar. Allurar rigakafin shawara, wadda ake ba da katin nan mai ruwan ɗorawa a kanta, sai ta kwana 10 kafin a amince da ita, amma tun 2016 ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Biza ce mai cin lokaci: Tanzaniya da Indunusiya duka sun sa mai fasfon Najeriya cikin rukunin da ba a ba shi biza a bakin shiga, sai an tantance takardunsa tun yana gida, abin da kan ɗauki makonni. Idan an nemi shaidar tikiti a wannan mataki, takardar ajiye kujera wadda ba a biya ba tukuna takan wadatar, kuma ita ce ta fi dacewa da wanda bai san ranar da bizarsa za ta fito ba. Zanzibar ta ƙara da inshorar dole ta dala 44 a kan kowane baƙo daga 1 ga Oktoba 2024. Cape Verde ba ta neman biza daga ɗan ECOWAS, amma jami'anta na shige da fice suna tambayar tikitin komawa da adireshin masauki da shaidar guzuri. Akwai kuma tarkon tikiti mai araha da ke bi ta Lisbon ko Faris, alhali ɗan Najeriya yana bukatar bizar yada zango a ƙasashen Turai na yankin Schengen ko da ba zai fita daga filin jirgi ba. Wanda ya saye shi ba tare da ita ba, tun a wurin awon kaya za a mayar da shi gida.

Wani abu da ya shafe mu musamman shi ne suna. A wajenmu mutum ɗaya yakan zama Mamman a gida, Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a banki, sannan ya liƙa sunan garinsu a ƙarshe ranar da ya shiga sakandare. Kamfanin jirgi bai san wannan ba. Abin da ke shafin fasfo, harafi bayan harafi, shi za a rubuta a kowane tikiti, domin gyara bayan an biya yakan zo da tara, a wasu kamfanonin ma sai dai a sake saye.

Sai maganar da ta fi kowace cinye kuɗin matafiya, wato haɗa zango da zango. Idan zangunan suna cikin tikiti ɗaya, kamar wanda Ethiopian Airlines ke sayarwa daga Kano zuwa Zanzibar ta Adis Ababa, to idan jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi, a wuyan kamfanin nauyi ya rataya ya sa fasinja a jirgi na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma kayan da aka karɓa a Kano sai a ƙarshen tafiya mai su zai ɗauka. Idan kuwa tikiti biyu ne daban-daban, kowane kamfani zangonsa kawai ya sani. Wanda bai iso ba za a rubuta shi a cikin waɗanda suka ƙi zuwa, kuma a galibin kamfanoni rashin hawa zangon farko yana soke sauran zangunan tikitin, har da na dawowa.

Ni jikina ne ya gaya mini wannan. A tafiyata ta Pemba na ga cewa tashi daga Legas ya fi tashi daga Kano sauƙi, na lissafa cewa ko na ƙara kuɗin jirgin gida akwai rarar da za ta sayi buhun taki biyu, sai na yanki tikitin Kano zuwa Legas na safiyar ranar da babban jirgin zai tashi da rana. Watan Janairu ne. Na kwana a Fagge wajen wani ɗan garinmu, na isa filin jirgi bayan sallar asuba, gari ya waye hazo ya rufe ko'ina, har bishiyoyin da ke bakin wurin ajiye motoci da ƙyar ake ganinsu. Aka ce a jira ƙarfe tara, aka ce sha biyu, da la'asar aka ce an soke. Kuɗin jirgin gida ya dawo mini daga baya, amma babban jirgin ya tashi babu ni, kuma abin da na biya na sauya rana ya cinye rarar har ya taɓa guzuri. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ko da ma jirgin ya tashi a kan kari, tashar jiragen gida ta Legas daban take da ta ƙasa da ƙasa, sai an kwashi kaya an hau mota an kutsa cikin cunkoso, abin da ban sa a lissafina ba.

Ƙa'idar da nake bi tun daga nan ita ce duk inda tikiti ya rabu biyu a sa kwana guda a tsakani, idan kuma hunturu ne a nan, ko damina ce a can, ko ƙaramin jirgin sau biyu yake tashi a mako, a sa kwana biyu. Kuɗin kwana a masauki mai sauƙi bai kai tarar sauya tikiti ba. Haka kuma ba farashin da ke kan waya ake kwatantawa ba, jimillar abin da zai fita daga aljihu tun daga ƙofar gida ake kwatantawa: kuɗin mota, kwanan hanya, abinci, tasi tsakanin tashoshi, da kuɗin kaya. Idan an gama wannan lissafi, sau da yawa tikitin Kano mai ɗan tsada shi ne mai arahar. Filin jirgin Dutse, wanda aka buɗe a 2014, ya fi kusa da wasunmu, amma da jigilar alhazai aka fi saninsa, don haka kada a gina tafiya a kansa sai an tabbatar akwai jirgin haya a ranar. A zangon ƙarshe kuma a zaɓi jirgin safe, saboda jirgi ɗaya ne yakan zagaya tsibirai da dama a yini, jinkirin kowane zango yana taruwa a kan na bayansa, kuma ƙananan filaye da yawa ba su da fitilun saukar dare, ta yadda jirgin yamma da ya makara sai dai ya kwana.

Lokacin tafiya yana da nasa tasirin a kan farashi, kuma dole a dubi kalandar nan da ta can. A Kano kujeru suna tsada a watan azumi saboda masu Umara, da lokacin aikin Hajji, da ƙarshen Disamba. A Zanzibar ruwan sama mai yawa yana sauka daga Maris zuwa Mayu, baƙi suna raguwa, masauki yana sauƙi, amma mai tafiya a lokacin ya ƙara kwanakin jira a lissafinsa. A Indunusiya miliyoyin mutane suna komawa garuruwansu lokacin ƙaramar sallah, kujera takan yi wuya a kowane irin jirgi. Damina ma ba ɗaya ba ce a duk ƙasar: Ambon tana shan ruwanta mafi yawa ne wajen Yuni da Yuli, lokacin da Jakarta, birni mafi girma a ƙasar, take cikin rani. Tunda da dala ake lissafa tikitin waje, manomin da ya sayar da amfaninsa da kaka, bizarsa kuma ta fito, gara ya saya da wuri da ya ajiye naira yana jiran farashi ya sauko.

Kaya kuwa sai da muka yi zaman musamman a kansu. Yaya ta haɗa wa ɗanta garin kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da yaji, da ƙuli-ƙuli, da kilishi, da man shanu a roba, da bargo, duk a cikin wani ƙaton akwati da jakar bakko. Muka aro sikelin rataye na mai sayen riɗi, muka ɗaura shi a reshen darbejiyar tsakar gida, muka rataya kayan ɗaya bayan ɗaya, jimilla ta ba mu kilo 41. Yaron ya ce, "Kawu, ai an ce jaka biyu ne, kowacce kilo 23." Na ce masa wannan alkawarin babban jirgi ne, kuma a Jakarta zai ƙare. Tikiti mai araha na cikin Indunusiya kilo 15 ko 20 yake bayarwa a lokacin, wani ma ba ya ba da ko kilo ɗaya kyauta ban da jakar hannu ta kilo 7, kuma kowane kilo da ya ƙaru sai an biya shi a zango na gaba da wanda ke bayansa. Yaya ta ce, "Yanzu man shanun ma sai an bar shi?" Na ce, "Yaya, a yi haƙuri, da shi da kilishin ko jirgi ya ɗauka, jami'an lafiyar dabbobi na can ba sa barin nama da kayan nono su shiga haka kawai." Aka cire su, aka cire bargo, domin Ambon ba garin sanyi ba ne, aka zuba kuka da yaji da kuɓewa a farar leda aka rubuta sunan kowanne, saboda garin da ba a san ko mene ne ba yana jawo dogon bincike. Muka tsaya a kilo 19.

Wannan tsanani ba rowa ba ce. Ƙaramin jirgi sai an daidaita nauyinsa gaba da baya kafin ya tashi. Ranar da za mu tsallaka Pemba matuƙin da kansa ya leƙo ya dube mu, ya taso wani mai jiki daga kujerar baya ya mayar da shi tsakiya. Ma'ajin kayansa ƙarami ne a ƙarƙashin cikin jirgin, ƙofarsa ba ta karɓar ƙaton akwati mai tauri, shi ya sa kamfanonin suke neman jaka mai laushi, kilo 15 ko 20. Wanda ya san kayansa za su haura, ya sayi ƙarin kilo a intanet tun kafin ranar, domin ya fi sauƙi a kan biya a wurin awo; wanda kuma zai dawo ta babban garin, ya bar rabin kayansa a masauki ya tsallaka da abin da yake bukata. A jakar hannu ba a barin ruwa ko turare ko mai da ya wuce mililita 100, wuƙa da reza da almakashi a babbar jaka suke tafiya, fawa bank kuma a hannu ake riƙe shi, ba a sa shi a kayan awo.

A ƙauye yana da nauyi a ce wa maƙwabci ba za a karɓi saƙonsa ba, amma a wannan tafiya dole a cire kunya. Indunusiya tana yanke hukuncin kisa a kan safarar ƙwaya, kuma ta zartar da shi a kan 'yan Najeriya a 2015 da 2016. A ƙarshen 2018 an tsare wata ɗaliba 'yar Najeriya a Saudiyya saboda jakar ƙwaya da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, sai a 2019 aka sake ta bayan bincike ya wanke ta. Don haka matafiyi ya ɗaure kayansa da hannunsa, ya ɗauki hotonsu, ya tsaya har a liƙa musu lamba, ya ƙirga 'yan takardun da aka manna masa ya ga sun yi daidai da yawan jakunkunansa.

Yawancinmu ta hannun ejan muke saye, saboda katin naira ba kullum yake aiki a shafukan waje ba, kuma wannan ba laifi ba ne muddin an san abin dubawa. Ajiye kujera daban, fitar da tikiti daban. Na farko yana zuwa da lamba mai haruffa da alƙaluma shida, kuma yana iya rushewa cikin kwana ɗaya ko biyu idan ba a biya ba. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13. Kafin a bar ofishin ejan, a shiga shafin kamfanin jirgin, a sa lambar nan mai haruffa da alƙaluma shida da sunan ƙarshe na fasfo, a ga suna da rana da yawan kilo da ido. A tambayi tarar sauya rana da abin da za a mayar idan an fasa, a karɓi rasit mai sunan kamfanin ejan, kada a tura kuɗi asusun wani da aka haɗu da shi a Facebook.

Agogo ma yana cin kuɗi. Kowane lokaci da ke kan tikiti na garin da jirgin zai tashi ne ko zai sauka, ba na Najeriya ba: Tanzaniya tana gabanmu da awa 2, Jakarta da awa 6, Ambon da awa 8, domin Indunusiya ita kaɗai agogo uku gare ta. Jirgin da aka rubuta zai tashi 00:30 ranar Talata, ranar Litinin da dare ake zuwa masa, kuma an sha samun wanda ya zo ranar Talata da dare ya tarar jirginsa ya tashi tun jiya. A ƙasar Suwahili, irin su Zanzibar da Pemba, akwai ƙari, don daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, wato ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗayansu. Direban da zai kai ni filin jirgin Pemba daga garin Chake Chake ya ce zai zo ƙarfe biyu, sai da na nuna masa fuskar agogo muka gane cewa takwas na safe yake nufi.

Dalar da za a saya a kasuwar canji ta Wapa a Kano ta zama sabuwar bugu, marar yagewa, marar rubutu, domin 'yan canjin waje suna ƙin tsohuwa ko su karya mata farashi. A raba ta wuri biyu a jiki, a canza kaɗan a filin jirgi, sauran a cikin babban gari kafin a tsallaka, saboda na'urar cirar kuɗi ba ta da yawa a ƙananan tsibirai kuma takan ƙare. A wurare da dama farashin baƙo ya fi na ɗan ƙasa, amma ɗalibin da ya sami takardar zama ya riƙa nuna ta yana tambayar farashin mazauna. Idan jaka ba ta fito ba, kada a bar zauren ɗaukar kaya sai an cike takardar ƙorafi an karɓi lambarta. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba da kwana 7 na kai ƙarar kayan da suka lalace, da kwana 21 na waɗanda suka makara.

Dawowa ma da wannan lissafin ake yin ta, sai dai a nan kuskure ya fi tsada, tunda babban tikiti ne yake jira a gaba kuma biza tana da ranar ƙarewa. A bar tsibirin aƙalla kwana biyu kafin ranar babban jirgi, a yi jiran a babban gari inda akwai masauki iri-iri. Mai sha'awar tsarabar kanumfari daga Pemba ya sayi ɗan ƙulli a shago, amma kada ya yi tunanin buhu, domin hukumar kasuwanci ta gwamnatin Zanzibar ce take da ikon saye daga manoma da fitar da shi waje. Idan jirgi ya sauka Kano da yamma, a kwana a gari, a bi motar safe daga Yankaba maimakon a ɗauki shata da dare. Kuɗin wannan motar, da na adaidaita sahu, da na acaɓar da zai shiga da mutum ƙauye, tun ranar fita ake ware su da naira a ambulan daban, a sa a aljihun jakar hannu na ciki, kada a taɓa su ko da an ga abin sha'awa a kasuwar Adis Ababa.